Zai-Shiga da Ram Mai Lamba Biyar

Sunansa na gaskiya yana jikin lasisinsa na tuƙi, kuma can ya tsaya. Daga garejin kamfanin dakon kaya har ƙofar gidansa, Zai-Shiga kowa ke ce masa. Ya samo sunan ne tun yana sabon direban tirela, ranar da aka kawo wani injin niƙa wanda ya ɗan fi bodin motar faɗi. Masu lodi suka auna, suka sake aunawa, suka ce sai dai a nemo wata motar. Shi kuwa ya zagaya injin yana taunar tsinke, ya ce, "Zai shiga." Ya kuwa shiga. Abin da yake mantawa idan yana ba da labarin shi ne, bodin motar bai ƙara rufuwa daidai ba har aka sayar da ita.

Da wannan magana ya yi shekara talatin da 'yan kai a kan hanya, da ita kuma ya riƙe gidansa. Firij ya fi ƙofar kicin girma, zai shiga. Har yau tabon yana jikin ƙofar, matarsa, wadda yara ke kira Umma, tana nuna wa baƙi kamar wurin tarihi. Takalmin da ya sayo wa autarsa ya matse ta, zai shiga, ƙafa ai nama ce. Amma a ba mutum haƙƙinsa: direba ne na gasken gaske. Bai taɓa kifar da mota ba, bai taɓa taka ko kaza ba, bai taɓa barin kayan mutane a hanya ba. Matsalarsa ɗaya ce, ya ɗauka duk abin da ke duniya tirela ce, in ya ƙi ji da lallashi zai ji da guduma.

Bayansa ne ya fara yi masa tawaye, sai idon hagu ya bi sahu. Likitan kamfani ya duba shi ya ce tafiyar nesa ta ƙare. Aka yi masa ɗan taro a gareji, manaja ya yi jawabi ya kira shi da sunan wani direban daban, sannan aka ba shi agogon bango, don ya riƙa ganin lokacin da ba shi da abin yi da shi.

Umma ce ta ɗanɗana kuɗar wannan ritaya. Mutumin da ya saba ba da umarni daga kan kujera mai tsawo ya dawo gida bai da kowa a ƙarƙashinsa sai tukwane. Ya sake tsara mata kicin bisa nauyi, manya a ƙasa, ƙanana a sama, wai kada kanta ta karkace a kwana. In maƙwabci zai fito da motarsa da baya, sai ya tarar da Zai-Shiga tsaye a titi da silifa yana masa hannu: "Zo, zo, zo, karya hagu, tsaya." Maƙwabcin da ya yi shekaru yana fita lafiya, a wannan watan ne ya fara gogar katanga.

Ranar da ya ce wa Umma tana yanka albasa da giya babba kamar mota a kan tudu, ta ɗauki waya ta kira Auta.

"Ki zo ki ɗauki ubanki," ta ce, "ko ki samo masa hanyar da zai bi. Ni dai na kai maƙura."

Auta tana aure da wani akanta na kamfanin inshora, siriri, mai tabarau, mai magana kamar yana tsoron ya tashi jariri. Zai-Shiga bai taɓa ƙinsa ba, tausayinsa kawai yake ji. Wata Asabar da hantsi Auta ta gayyace su gidanta, bayan an sha shayi ta ce wa mijin ya nuna wa Baba wasan nan. Akanta ya kunna kwamfutarsa, sai ga tirela a sikirin, ga titi, ga madubin gefe, har da ƙarar injin. Zai-Shiga ya harɗe hannuwa a ƙirji.

"Wasan yara," ya ce.

Akanta ya ci gaba da tuƙi. Ya doshi wata kwana.

"Rage wuta."

Akanta ya rage.

"Ba haka ba. Ka buɗe kwanar, bodinka zai hau dakali. Kai, tashi."

Shayinsa ya huce, aka sake ɗumama shi, ya sake hucewa. Sai da Umma ta tsaya a kansa da jakarta a kafaɗa sannan ya yarda ya faka. A mota suna komawa gida, hannunsa na dama yana ta neman sandar giyar tirela a iska. Da suka iso ƙofar gida ya ce, kamar wanda ke maganar yanayi, shi ma zai haɗa irin akwatin nan, ba don komai ba sai don ya ga inda suka yi kuskure.

'Ya'yansa maza suka ji labari suka yi murna, saboda su ma ya fara kiransu a wurin aiki yana tambayar yaushe rabonsu da duba man birki. Suka haɗa hannu, Akanta ya sayo kaya: akwatin ƙarfe mai gilashi a gefe, da faffaɗan allon da ake dasa komai a kai wanda 'yan kasuwa ke kira bod, da furosesa da ƙatuwar fankarta, da katin hoto, da sitiyari har da totur da birki na ƙasa. Ya zo ya ɗaura komai a kan teburin cin abinci, surukinsa na tsaye yana gaya masa cewa ya riƙe sukuddireba kamar biro. Abu ɗaya ya rage, shagon da ya je ba su da shi a ranar.

"Saura ram, Baba," in ji Akanta. Ya nuna wasu dogayen ramuka guda huɗu a jikin bod ɗin. "Nan ake sa shi. Kamar bodin mota yake, iya faɗinsa iya kayan da kwamfuta za ta ɗauka lokaci guda. Amma iri-iri ne. Wannan bod ɗin mai lamba huɗu yake ɗauka. Ofis sun tura ni tafiya, in na dawo sai mu je tare mu zaɓo."

Zai-Shiga ya gyaɗa kai. Cikin duk bayanin nan abu biyu ya ji: bodi, da faɗi. Mutumin da ya taɓa sauke giyabos ɗin tirela a bakin hanya da sifana biyu da dutse, shi za a ce ya jira akanta ya dawo kafin ya sayi wani abu mai tsawon cokali? Washegari da safe ya sa hularsa ya nufi kasuwar kwamfuta.

Kasuwar wani bene ne mai lunguna, kowane shago kamar akwatin ashana, ga warin dalma, ga wayoyi suna reto daga rufi, ga masu jan hannun riga suna tambayar me ake nema. Ya ture su duka ya tsaya a gaban wata kantar gilashi inda wata mata mai matsakaicin shekaru ke zaune tana goge wani bod da ɗan buroshi. Ya ce ram yake so, mai faɗi.

"Wane bod gare ka, Baba?" ta tambaya.

"Baƙi ne."

Ta ajiye buroshin. "Sunansa nake nufi, da lambarsa."

"'Yata, kaya na zo saya, ba ofishin 'yan sanda na zo ba."

Mai shagon ta ga irinsa da yawa, don haka ba ta ja ba. Ta fito da fakiti biyu ta ajiye a kan gilashi. Ɗaya mai lamba huɗu, baƙi, shiru-shiru. Ɗaya mai lamba biyar, fari, da wani tukku a samansa wanda aka ce yana kawo wuta kala-kala. Ta ce ba sa shiga ramin juna, dole mutum ya san wanda bod ɗinsa ke ɗauka.

"Surukina ya ce huɗu," in ji Zai-Shiga. "Amma shi mutum ne mai tsoro, a inshora yake aiki. Tun da nake ban taɓa jin inda huɗu ya fi biyar ba."

"In ya ce huɗu, huɗu ne, Baba."

"Ba ni biyar."

Ta ba shi, ta kuma gaya masa a fili cewa in bai yi ba ya dawo da shi yadda yake za ta canza masa, amma in aka ji masa ciwo ba ruwanta. Ya yi murmushin manya, irin wanda ake yi wa yaro in ya gargaɗe ka game da wuta.

A gida ya naɗe hannun riga, ya kwantar da akwatin a kan ledar teburin Umma mai zanen furanni. A gindin ram ɗin akwai jerin haƙora masu ruwan zinari da wata 'yar tsaga kusa da tsakiya. A cikin ramin kuma akwai wani ɗan tudu da ya kamata ya faɗa cikin tsagar. Ya ɗora a ramin farko. Tsaga da tudu suka kalli juna daga nesa kaɗan, kamar maƙwabtan da ba sa gaisawa. Ya juya shi ta ɗaya gefen. Suka ƙara nisa. Ya mayar, ya sa manyan yatsu biyu ya danna har bod ɗin ya yi ƙara.

Umma ta leƙo daga kicin. "Malam, kamar fa ba ya so."

"Sabo ne. Duk sabon abu haka yake."

"To ko ka jira yaron nan?"

Bai ko ɗago ba. Ya duba abin da idonsa mai kyau, ya gano matsalar nan take: masana'anta sun yi kuskure, sun yanka tsagar ba a wurinta ba. Abin kunya, kamfani guda da injiniyoyinsa. Ya tashi ya ɗauko tsohon akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, ya zaro ƙaramin magagari. Cikin natsuwa da ƙwarewa ya faɗaɗa tsagar, garin kore da na zinari yana zuba a kan furannin Umma. Ya hure, ya ɗora, ya danna da nauyin jikinsa. Wani abu ya ce ƙas. Ya shiga.

Guda biyu ne a fakitin, ɗayan ya ajiye shi a gefe, ya ce a fara gwada wannan tukuna. Ya jona wuta, ya gyara tsayuwa, ya danna maɓalli. Fanka ta juya rabin zagaye ta fasa. Wani siririn hayaƙi ya taso daga ramin, a hankali, ba gaggawa. Umma ta ruga ta buɗe tukunyarta, ta duba ƙasan, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu.

"Na ɗauka girkina ne ke ƙonewa," ta ce. "Ashe naka ne."

Ya ce wutar lantarkin unguwar nan ce ba ta da tarbiyya. Ya zare ram ɗin da filaya, ya mayar da shi fakitinsa tare da ɗan'uwansa, ya liƙe bakin da kyau, ya koma kasuwa. Mai shagon ta buɗe, ta ɗaga shi sama saitin ƙwan fitila, ta daɗe tana kallo.

"Baba, ɓera gare ku a gida?"

"Haka ya zo."

"Daga masana'anta, da shatin magagari?"

"Ni ma abin ya ba ni mamaki."

Ta mayar masa da kayansa cikin ladabi. Ta ce shawara dai kyauta ce: ya nemi mai lamba huɗu, guda biyu a fakiti ɗaya, 'yan gida ɗaya, masu girma ɗaya da gudu ɗaya. Zai-Shiga ya karɓi rabin shawarar, wato lamba huɗun, don kada a ce ya yi taurin kai. Ɗaya rabin ya bar mata. Ya sauka ƙasan bene wurin wani mai tsofaffin kaya da ke tara ram a cikin gwangwanin biskit, ya tona da yatsa kamar mai zaɓen goro, ya ɗauko ɗaya dogo ja mai girman gig goma sha shida, da ɗaya gajere kore mai gig takwas. Ya tambaya ko za su yi tare. Mai gwangwani ya ce ram ai ram ne. Zai-Shiga ya ji daɗi, ya ce sai yanzu ya haɗu da wanda ya san sana'a.

Ramin da ya ƙone ya rufe shi da baƙin salatif. Ya sa ja da kore gefe da gefe a ramukan da ke biye, suka shiga ba musu. Ya danna maɓalli, fanka ta juya, sikirin ya kawo haske. Ranar har maƙwabci sai da aka kira ya zo ya gani.

Da Akanta ya dawo daga tafiya ya zo gaisuwa, ya durƙusa gaban akwatin ya leƙa ta gilashi. Ya ga ja, ya ga kore, ya ga salatif. Ya ɗan shaƙi iska. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Iyayensa sun ba shi tarbiyya, don haka abin da ya ce kawai shi ne, "Sannu da aiki, Baba." Ya sa wasan, ya ɗaura sitiyari a bakin tebur, ya jera totur da birki a ƙasa. Sai dai ya tafka kuskure ɗaya. Yana dube-dube a shafin saitin bod, surukin ya tambaye shi wannan lambar ta mece ce, shi kuma ya faɗi gaskiya, ya ce gudun ram ne.

"Ana ƙara shi?"

"Ana ƙarawa, Baba. Amma waɗannan tunda ba iri ɗaya ba ne, gara a bar su a gudun mai raunin. Kada a taɓa."

Motar Akanta ba ta gama fita daga layin ba, Zai-Shiga ya kai lambar ƙarshe.

Kwanakin farko abin ya yi daɗi. Yakan yi wanka da safe, ya sa rigar aikinsa ta da mai tambarin kamfani, ya ce wa Umma shi ya tafi, sannan ya zauna a kujerar da ke taku kaɗan daga ƙofar kicin. Yana duba madubi, yana sa sigina, yana zagin ƙananan motoci. Har fuskarsa ta ciko. Sai wata rana ya ɗauko lodin gilashi, tafiya mai nisa, ana ruwa, ya hau wani dogon tudu ya fara gangarowa, ya kusa ganin garin da zai sauke. Sikirin ya rikiɗe ya zama shuɗi. A tsakiya aka zana wata fuska da ɗigo biyu da baki a karkace, wai kwamfuta tana ba shi haƙuri. Da ta dawo, ba mota ba gilashi, wasan ya rubuta cewa direba ya kasa kai kaya.

Ya ce tsautsayi ne. Washegari ta sake yi masa a kan gada. Bayan nan a bakin ƙofar kamfanin da zai sauke, yana cikin yin ribas. Ya zargi zafi, ya juyo da fankar falo ta fuskanci akwatin, Umma ta koma fifita da murfin kwano. Ya zargi sitiyari. Ya zargi masu wasan da hassada. Abu ɗaya ne bai zarga ba, ja da koren nan da ke zaune gefe da gefe, ɗaya ana tilasta masa gudun da ba a halicce shi da shi ba.

Umma ta fara yi masa dariya, sai ta lura abin ya wuce dariya. Ya daina sa rigar aiki. Abinci yakan dawo kamar yadda ta kai. Wata rana da la'asar ta tarar da shi zaune gaban sikirin a kashe, hannuwansa a kan sitiyari.

"Malam, wasa ne fa," ta ce.

"Na sani." Ya shafa sitiyarin. "Amma ni ban taɓa barin kayan mutane a hanya ba. Ko da bayana ke ciwo sai da na kai na ƙarshe na sauke. Yanzu akwati yana rubuta mini wai na kasa."

Umma ta ɗauke kwanon abincin, ta shiga ɗaki ta kira Auta, wannan karon a hankali ta yi maganar.

Asabar da safe Auta da mijinta suka zo. Auta 'yar ubanta ce, tana shiga ta buɗe gilashin akwatin ta zaro ram ɗin biyu ta ajiye su a kan tebur, dogo ja da gajere kore, ta buɗe baki za ta fara. Akanta ya ɗan taɓa hannunta. Ya zauna ƙasa-ƙasa kusa da surukinsa kamar mai neman karatu.

"Baba, akwai abin da ya ɗaure mini kai a motata. Tayar baya ɗaya ta fashe, mai faci ya ce yana da wata, ta ɗan fi ɗayar ƙanƙanta, kamfaninsu ma daban. Ya ce taya ai taya ce. In sa?"

Zai-Shiga ya miƙe zaune kamar an jona masa wuta. Rabonsa da irin wannan tambaya tun gareji. Ya ce wannan mai facin a kama shi. Ya ce tayoyin da ke aiki tare dole su zama girma ɗaya, zane ɗaya, iska ɗaya, in son samu ne rana ɗaya aka saye su. Ya ce in ɗaya ta fi ɗaya, babbar ce za ta ɗauki nauyi, ƙaramar ta yi ta jan ƙafa, a hanya miƙaƙƙiya ba za ka gane ba, sai ka ɗauko kaya ka taka wuta a gangara, a nan ne za ta nuna maka halinta. Ya ɗaga yatsa zai kawo misali da wani direba da ya sani, idonsa mai kyau ya sauka a kan tebur. Dogo ja. Gajere kore. Yatsan ya tsaya a sama.

Umma ta sami wani abin gogewa a jikin kofi.

"Mai gwangwanin nan," in ji Zai-Shiga daga ƙarshe, "bai san aikinsa ba."

"Gaskiya bai kyauta ba, Baba," in ji Akanta.

Tare suka koma kasuwa, Zai-Shiga a gaba, Akanta a baya. Mai shagon ta gan su ta gaishe shi da fara'a, ta tambayi lafiyar ɓerayen gida. Ya yi kamar bai ji ba. Akanta ya nuna mata hoton bod ɗin a waya da sunansa da lambarsa, ta shiga shafin masu ƙera shi ta duba irin ram ɗin da suka gwada suka tabbatar yana aiki da shi. Ta ɗauko wani fakiti: lamba huɗu, guda biyu 'yan gida ɗaya, gudun da bod da furosesa za su iya ɗauka, ga kuma dogon tukku mai wuta kala-kala, don ta lura tsohon yana son ado. Akanta ya karanta bayan fakitin layi-layi ya ce komai ya yi daidai.

Zai-Shiga ya karɓa, ya riƙe shi nesa da fuska, ya kanne idon hagu. Ya jera yatsunsa a jikin tukkun. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba zai shiga ba," ya ce.

Akanta ya juyo ya dube shi kamar ya ji bango ya yi magana.

"Fankar nan taka ƙatuwa, ai ta leƙo kan ramukan kamar gada. Jan nan da na sa ma da ƙyar ya wuce, har yana gogarta. Wannan ya fi shi tsawo da yatsa guda. Duk direban da bai san tsayin kayansa ba kafin ya shiga ƙarƙashin gada, fasinja ne."

Mai shagon ta tambayi sunan fankar, ta shiga ciki ta ɗauko irinta a kan wani bod, ta gwada. Tukkun ya tokare. Ta yi dariya ta ce yau Baba ya ci gari. Akanta ya ce wallahi bai yi tunanin tsawo ba sam. Zai-Shiga ya ce ba laifinsa ba ne, ba a koyar da wannan a inshora. Suka ɗauki wasu gajeru baƙaƙe marasa ko ɗigon wuta. Zai-Shiga ya daɗe yana waiwayen masu tukkun nan har suka sauka daga bene.

A gida Akanta ya buɗe ɗan littafin bod ɗin, ya nuna cewa in ram biyu ne, a rami na biyu da na huɗu ake sa su, ba gefe da gefe ba, ta haka kowanne zai sami layinsa. Wato ramin farko da ya ƙone ba a ma bukatarsa.

"Shi ya sa na rufe shi," in ji Zai-Shiga.

Shi ya sa su da hannunsa. Ya daidaita tsaga da tudu, ya ɗan danna, maƙallan gefe suka rufe da kansu da wata 'yar ƙara mai daɗi. Ya tsaya yana kallon yatsunsa, don ƙarfin da ya tanada ko kashi ɗaya cikin goma bai yi amfani da shi ba, har abin ya ɗan ba shi haushi. Akanta ya saita gudun a kan abin da aka rubuta a fakiti. Lodin gilashin nan Zai-Shiga ya sake ɗauka, ya hau tudun, ya gangaro cikin ruwa, ya shiga gari, ya yi ribas sau ɗaya tak ya faka. Bai ce an gode ba. Ya dai ce wa Umma a ƙara wa yaron nan nama, ya rame.

Labari ya kai gareji. Tsofaffin abokan aikinsa da su ma aka ba su agogon bango suka fara zuwa gaisuwa, gaisuwar da ba ta ƙarewa sai an kira su daga gida. Yanzu kusan kullum da hantsi akwai tsofaffi uku ko huɗu a falon Umma, ɗaya a kan sitiyari, sauran a baya suna gaya masa bai iya ba. Zai-Shiga ya zama malamin ram na unguwa. Duk wanda ya zo da tambaya sai ya sha wa'azi kan lamba da gudu da tsawo, da labarin wani sakarai da ya taɓa sani wanda ya sa wa ram magagari.

Rigimarsa ta yanzu da 'yan sandan cikin wasan ce. Tunda kwamfutar ta daina mutuwa ya sami damar taka wuta yadda ransa ke so, sai ga tara tana fitowa a kusurwar sikirin, ba sallama ba gaisuwa. Ya rage gudu ya faka a gefen titi yana jiran jami'in ya zo taga su fahimci juna. Ba wanda ya zo. Ya kira Akanta a ofis.

"Wane maɓalli ake dannawa a ba su haƙuri?"

"Babu, Baba."

"Ko a ce musu tsoho ne, ɗan ritaya?"

"Ba sa ji, Baba. Na'ura ce."

Ya kashe wayar, ya yi tsaki, ya ce wannan aiki ba mutunci a cikinsa. Sannan ya gyara kujera, ya duba madubi, ya sa sigina ya hau titi a kan gudun da allon hanya ya rubuta. Tsofaffin da ke bayansa suka ce yanzu kam tuƙinsa ya koma na ɗan koyo, ɗayansu ya miƙe ƙafa a kan kujerar Umma ya ce a tashe shi in an iso.